Shekara Uku a Aji Shida

Ran da 'yan duba makarantu za su zo, da sassafe Malam Abdulmannan ya fito zaure da sabuwar reza, ya ce wa Abdulbaƙi ya tsuguna. Yaron ya tsuguna. Baffan nasa ya kama haɓarsa ya ɗaga, ya shiga kankare ɗan gashin bakin da ya fara tsiro masa, ba ruwa ba sabulu.

"Baffa, da zafi."

"Tsaya da kyau. So kake su shigo aji su ishe mai gashin baki zaune cikin yara?"

Da ya gama ya hure rezar, ya jefa masa gajeren wandon makaranta. Wandon ya daɗe da yi masa kaɗan. Sai da Inna ta ƙara masa ƙyalle a gefe biyu kafin ya shige.

Shekara ta uku ke nan Abdulbaƙi yana aji shida a firamaren Unguwar Gajere, wani ƙauye da ke bayan garin Boko a ƙasar Kusada. Bai taɓa faɗuwa jarrabawa ba. Shi ke zuwa na ɗaya kowace shekara, kuma abin da ya ja masa ke nan. Tun da mahaifinsa Shehu ya rasu, shi da uwarsa Hannatu suke zaune a gidan yayan mahaifin. Malam Abdulmannan shi ne hedimastan makarantar, shi ne shugaban ƙungiyar malamai ta yankin, shi ne kuma waliyyin yaron.

Sabon tsarin da hukuma ta fito da shi ne ya kawo abin. An ce kowa ya kai ɗansa makarantar da ya ga dama. An buɗe sakandaren gwaji a Kankiya, kyauta, da abinci da littattafai. Aka kuma ce duk firamaren da 'yan aji shida suka gaza arba'in a cikinta, ko yaran suka kasa amsa tambaya a gaban kwamiti, za a haɗe ta da ta wani gari, a rarraba malamanta. Ƙungiya ta tashi tsaye. Malaman da aka ɗauka a Kankiya ba 'yan ƙungiya ba ne, don haka aka yi rantsuwa a wani taro a Kusada cewa ba ɗan malamin da zai taka makarantar. Malam Abdulmannan ne ya riƙe lasifika ranar.

'Yan duba suka zo da hantsi, su uku, a mota ɗaya. Aka zaunar da Abdulbaƙi a tsakiyar aji. Duk tambayar da aka jefo, shi ke fara buɗe baki, sauran yaran su bi bayansa da ƙarfi kamar masu amsa amin. Haka aka koya musu. Baƙin suka gyaɗa kai, suka rubuta abin da za su rubuta, suka ci kaji a ofis, suka tafi tun kafin azahar.

Da la'asar Inna Hannatu ta samu Malam Abdulmannan a tsakar gida, yana shan fura. Ta durƙusa nesa kaɗan. Ba ta kiran sunan ɗanta na fari, sai dai ta ce yaron nan.

"Yaya Malam, kan maganar yaron nan ne. Bara ka ce bana."

"Na faɗa."

"To ga bana ta zo. Tsararrakinshi duk sun yi gaba. Jiya yara suka biyo shi har ƙofar gida suna ce mashi Baban Aji."

Ya aje ludayin. "Hannatu, kin san mutum nawa ke ci daga makarantar nan? Malami tara, kowa da iyalinshi. Har ke. Tuwon da kika ci jiya, daga ina kike zaton ya fito? In suka rufe ta suka jefa ni wani daji, wa zai riƙe ku?"

"Ni ban ce a rufe ba."

"Cire yaron nan shi ne rufewar. In ya tashi, wa zai buɗe baki a ajin can? Ubanshi da hannunshi ya yi tubalin aji ɗaya. Ki bari ya riƙe aikin ubanshi. Shekara ɗaya ce ta rage."

Abdulbaƙi yana bayan rumbu yana jin su. Ya ji shekara ɗayar nan sau biyu a baya, da wannan murya, da wannan ludayi.

Kwanaki suka ci gaba yadda suka saba. Malamin aji shida yana da shagon sayar da taki a Kusada, sai ran Litinin ake ganinsa, wani makon ma ba a ganinsa. Abdulbaƙi ke riƙe alli. Shi ke rubuta lissafi a allo, shi ke duba littattafan yara, shi ke raba faɗa. Shi ke kuma cike rajista kowace safiya. Suna arba'in da biyu ne a ciki. Masu zuwa ba su wuce sha tara ba. Sauran, wasu iyayensu sun mai da su makarantar garin Boko, wasu suna gona, wasu sun bar garin tun shekarun baya. Baffa ya ce kowa a yi masa alamar ya zo.

Suna na sha bakwai shi ne Hawwa Shehu. Ƙanwarsa ce. Zazzaɓi ya ɗauke ta a daminar da ta wuce, kwana huɗu kacal ta yi a kwance. Mako biyu bayan an rufe ta, Abdulbaƙi ya ja layi a kan sunan. Baffa ya gani, ya kira shi ofis, ya ba shi sabon shafi ya ce ya sake kwafewa.

"Baffa, ta rasu."

"Na fi ka sani, ni na sa ta a kabari. Sunan bai cin abinci, bai hana ta kwanciya. Rubuta."

Ya rubuta. Tun daga ranar, kowace safiya sai ya tsaya a layi na sha bakwai, ya yi wa Hawwa alamar ta zo makaranta. Bai taɓa gaya wa Inna ba.

Da damina ta yi nisa ƙungiya ta shiga yajin aiki kan sabon tsarin. Mako shida. Malam Abdulmannan yana Kusada yau, gobe Kankiya, yana faɗa wa jama'a cewa ana son a sayar da ilmin talaka ne. Makarantu duk an garƙame su, ban da ta Unguwar Gajere. Baffa ya san in yara suka zauna gida mako shida, iyaye za su nema musu wani wuri. Sai ya ba Abdulbaƙi mabuɗi, ya ce ya riƙa tara duka azuzuwan a ƙarƙashin darbejiya, in wani ya tambaya ya ce wasa suke. Da safe yaron yana koyar da yara fiye da ɗari shi kaɗai, har muryarsa ta dushe. Da yamma yana gonar gyaɗar Baffa.

A kan hanyar gonar ya gamu da Bilya, wanda suka zauna benci ɗaya a shekararsa ta farko a aji shida. Lokacin Bilya daga littafinsa yake kwafar amsa. Yanzu ya dawo hutu daga Kankiya da dogon wando da agogon roba.

"A'a, Baƙi! Har yanzu kana nan? Sai yaushe za su yi maka fansho?"

Abdulbaƙi ya yi dariya don kada ya yi wani abin. Da Bilya ya wuce, ya tsaya ya sari kututturen kalgo da fartanya har sai da ƙotar ta tsage.

Inna ba ta haƙura ba. Ta saka mayafinta mai kyau ta je gidan Kansila Bube, ta jira tun hantsi har azahar kafin ya fito. Kansila ya san malamai ne ke zama a rumfunan zaɓe, su ne kuma ke shiga gida gida. Ya san in aka rufe makarantar mazaɓarsa, abokin takararsa ya samu abin faɗa a kasuwa.

"Hajiya, ai yaronki gwarzo ne. Da shi muke alfahari. Ki bari mu wuce zaɓe, ni da kaina zan ɗauke shi a motata in kai shi duk inda yake so."

"Ranka ya daɗe, girma yake yi."

"Ilmi ai bai tsufa. Ku ba ta lemo."

Ta dawo da kwalbar lemon a hannu, ba ta buɗe ba.

Da aka janye yajin aiki, Abdulbaƙi ya yanke shawarar zuwa da kansa. Ran kasuwar Kankiya ya bi motar masu kai gyaɗa, ya sauka, ya yi tambaya har ya kai makarantar. Bai taɓa ganin aji mai gilashi a taga ba. Ya daɗe a bakin ƙofa kafin ya shiga ofis. Wani magatakarda mai tabarau ya ɗago ya dube shi.

"Ƙanenka ka zo karɓar wa fom?"

"Ni ne."

Mutumin ya dube shi daga sama har ƙasa. "Shekararka nawa?"

Sha shida Abdulbaƙi ya cika a watan azumi.

"Wanda ya wuce sha huɗu ba mu ɗauka," in ji magatakarda. "Amma mu ba fuska muke dubawa ba, abin da hedimasta ya rubuta muke bi. Kai mashi ya cike, ya sa hannu nan. Waliyyinka ya sa nan. Ƙarshen wata ake rufewa."

"In hedimastan da waliyyin mutum ɗaya ne fa?"

"Ka huta ke nan. Tafiya ɗaya."

Ya fito da fom ɗin a hannu, yana juya maganar. A rajistar Baffa shekararsa sha biyu, kuma shekara uku ke nan tana nan a sha biyu. Ashe shekarunsa na gaskiya sun riga sun rufe masa ƙofa tun yana zaune yana jiran bana. Ƙaryar Baffa ce kaɗai za ta iya shigar da shi.

Yana gab da fita aka kaɗa ƙararrawar fita tara, lokacin cin abinci, yara suka fito. A cikinsu ya hango wani mai tafiya irin ta gidansu, yana cin biredi. Al-Amin ne, ɗan Baffa na cikinsa, wanda aka ce a gida an kai shi Katsina wajen kawunsa karatun Islamiyya. A aljihun rigarsa an ɗinka suna da jan zare: Al-Amin Umar. Sunan kakansa na wajen uwa.

Al-Amin ya gan shi, biredin ya tsaya masa a baki. Ya matso da sauri.

"Yaya Baƙi, don Allah kar ka faɗa a gari. Baba ya ce in wani ya ji, kashe ni zai yi."

"Tun yaushe kake nan?"

"Tun bara."

Abdulbaƙi ya juya ya fita. Bai jira motar gyaɗa ba, ya kama hanya a ƙafa har wani mai babur ya rage masa.

Ya ishe Baffa a zaure bayan la'asar, ya shimfiɗa farin yadi yana rubuta taken ƙungiya da jan fenti. Ya aje masa fom ɗin a kan yadin.

"Na ga Al-Amin."

Burushin ya tsaya. Malam Abdulmannan ya leƙa waje, ya tashi ya tura ƙofar zauren, ya dawo ya zauna. Bai yi faɗa ba. Muryarsa ma sai ta yi laushi.

"Zauna, ɗana. Al-Amin bai da kai. Ka sani, na sani. In na bar shi nan ƙarewa zai yi. Kai kau Allah ya ba ka. Ko a rami aka jefa ka, da karatunka za ka fito. Shi ke buƙatar taimako, ba kai ba."

"Kai ka rantse a Kusada."

"Na rantse ne kan kar ɗiyan malamai su shiga da sunan ubanninsu. Waccan magana ce ta manya, ba ka san yadda ake tafiyar da ƙungiya ba. In na sassauta a fili, gobe an kori mutum ɗari biyu. Ka taɓa riƙe amanar mutum ɗari biyu?"

Abdulbaƙi ya dubi ƙasa. Baffa ya goge hannu, ya ɗauki biro, ya cike fom ɗin a gabansa layi bayan layi. A wajen shekaru ya rubuta sha biyu. Ya sa hannu a wurin hedimasta, ya sa a wurin waliyyi, ya ciro hatimin makaranta ya buga. Sannan ya ninke takardar ya zura a aljihun ƙirjinsa.

"Laraba babban kwamiti zai zo daga Katsina. Zuwan ƙarshe ne, a kanshi za a yanke hukunci. Ka yi mana yadda ka saba. Suna tashi ka amshi abinka, Alhamis ka kai."

Kwana biyar aka yi ana shiri. Aka shafa wa bango farar ƙasa ta gaba kawai. Aka aro yara ashirin da uku daga Islamiyyar Malam Babba, aka aro musu riguna, aka raba musu sunayen da ke rajista, kowa ya haddace nasa. Abdulbaƙi ne aka sa ya koya musu yadda za su riƙa bin bakinsa.

Ran Laraba aka kafa rumfa, aka jera kujerun roba. Kansila Bube ya zo da babbar riga da mutanensa. 'Yan ƙungiya suka zo a babura daga Kusada da Kankiya, suka rataya farin yadin nan a jikin darbejiya. Matan gidan hedimasta, har da Inna Hannatu, suna bayan aji suna tuƙa shinkafa a manyan tukwane.

Shugabar kwamitin wata dattijuwa ce, Hajiya Ummu, tsohuwar malama. Ba ta zauna a rumfa ba. Ta wuce aji shida kai tsaye, ta ce a ba ta rajista. Da kanta ta fara kiran suna, tana ɗaga kai tana duban mai amsawa. Yaran aro suka yi ƙoƙari, ba wanda ya manta nasa.

"Hawwa Shehu."

"Na'am," in ji wata 'yar siririyar yarinya a layin gaba.

Tagar ajin ba ta da murfi, kuma murhun matan yana jikinta. Abdulbaƙi ya waiga. Inna tana tsaye da muciya a hannu, tana kallon yarinyar da ta amsa. Ta daɗe tana kallonta. Sannan ta aje muciyar a hankali a kan murfin tukunya, ta ja mayafi ta rufe fuska, ta bi hanyar gida. Ba wanda ya lura sai shi.

Aka shiga tambayoyi. Bakinsa ya yi aikin da ya saba, shi kaɗai, kamar ba nasa ba. Lissafi, Turanci, sunayen koguna. Yara suna bin bayansa. Hajiya Ummu ta ɗaga hannu ta ce kowa ya yi shiru, ta rubuta wani dogon lissafi a allo, ta nuna shi. Daga zaune ya faɗi amsar.

"Ikon Allah," in ji ta. "Hedimasta, wannan ai Kankiya ya kamata a ce yana shirin tafiya."

Malam Abdulmannan ya yi murmushi, ya juya yadda 'yan ƙungiya da ke cunkushe a ƙofa za su ji shi.

"Ranki ya daɗe, abin da muke faɗa ke nan. Wannan ɗan ƙanena ne, maraya. Don kar a ce na tauye shi, har fom na cike mashi. Ya ƙi. Ya ce karatun da ake yi a nan ya ishe shi, ba inda za shi." Ya zaro takardar ya ɗaga sama. "Ga ta nan. Yaro da kanshi ya zaɓi makarantar ƙauyensu."

Aka tafa. Kansila ya ce, "Allahu akbar, ku ji fa!"

Hajiya Ummu ta miƙa hannu. Baffa bai yi zaton haka ba, amma ba yadda zai hana ta a gaban mutane. Ta buɗe takardar ta karanta har ƙasa.

"Ai komai ya cika, har hatimi. Yaro, kar ka cuci kanka. Gobe zan bi ta Kankiya, in kana so ni zan miƙa maka da hannuna, ba mai tare ka." Ta sake duban takardar. "Shekararka sha biyu, ko?"

Takardar ta fita daga aljihun Baffa, ba kuma za ta koma ba. A zuciyarsa Abdulbaƙi ya ga tagogin gilashin Kankiya. Ya ga dogon wando. Ya dubi Baffa. Gumi ya jiƙa wuyan rigarsa, yana gyaɗa masa kai a hankali, yana roƙonsa da ido ya ce eh. In ya ce eh, ya tafi. In ya ce eh, rajista ta zama gaskiya, makaranta ta tsira, Baffa ya koma kan kujerarsa da lasifikarsa, a nemo wani yaron a zaunar a tsakiyar aji. Gobe da safe kuma wani ya tsaya a layi na sha bakwai ya yi alama.

Ya miƙe tsaye.

"Sha shida."

"Mi ka ce?"

"Shekarata sha shida, Hajiya. Wannan ce shekarata ta ukku a ajin nan. Ku buɗe kabad ɗin ofis, rajistar bara da ta bara waccan suna ciki, duk rubutuna ne."

"Yaron nan bai da lafiya," in ji Baffa. "Tun jiya yake zazzaɓi."

"Malam, ka bar shi ya gama."

Ya gama. Bai ɗaga murya ba, bai yi sauri ba. Ya bi layi layi yana nuna yaran aro, yana faɗin sunan da aka ba kowa da sunansa na gaskiya da sunan ubansa. Ya faɗi ranar da malamin ajin ya zo na ƙarshe. Da ya zo kan 'yar siririyar yarinyar, ya ce, "Wannan Zuhura ce, ɗiyar Malam Babba. Hawwa Shehu ƙanwata ce, tana maƙabarta tun bara. In kuna so in kai ku."

Zuhura ta fashe da kuka. Hajiya Ummu ta ce masa ya koma gefe, ta sa sauran yaran su karanta abin da ke allo. Ba wanda ya buɗe baki. Duk shi suke kallo.

Sannan ya juya wajen ƙofa, inda 'yan ƙungiya suke.

"Masu zuwa Kankiya, ku gaishe mini da Al-Amin Umar, aji biyu. Ku dubi fuskarshi da kyau, za ku gane ɗan wane ne."

Kansila Bube ne ya fara fita. Kafin a ankara motarsa ta tashi, ba tare da ya taɓa shinkafa ba. Hajiya Ummu ta tsaya da fom ɗin a hannu, tana duban yaron.

"Ka san abin da ka yi? Yanzu ba ni da ikon miƙa wannan."

"Na sani."

Cikin wata ɗaya takarda ta zo. An haɗe firamaren Unguwar Gajere da ta wani gari mai nisan tafiyar awa ɗaya. An sauke Malam Abdulmannan daga hedimasta, an tura shi koyar da aji biyu a wani ƙauye can ƙarshen ƙaramar hukuma, inda mota ba ta shiga in an yi ruwa. Ƙungiya ta zauna ta cire shi, ba don rajista ba, don Al-Amin. Wanda ya gaje shi, ɗiyansa biyu suna makarantar kuɗi a Katsina, kowa ya sani, amma shi bai taɓa rantsuwa a lasifika ba. Kansila ya hau mota ya zaga mazaɓa yana cewa shi ne ya tona asirin malaman bogi, kuma ya ci zaɓe. 'Yan duban da suka shekara uku suna cin kaji, ba wanda ya tambaye su yadda aka yi ba su taɓa gane fuska ɗaya a benci ɗaya ba. Al-Amin yana nan a makarantarsa, takardunsa duk daidai suke.

Mutanen gari kuwa Abdulbaƙi suka tsana. Shekara uku suna ganinsa da gajeren wando, suna ganinsa da alli a hannu yana koyar da 'ya'yansu, ba wanda ya taɓa ce wa hedimasta don me. Yanzu da yaransu suke tafiyar awa ɗaya, kowa ya samu bakin magana. Aka ce ya tozarta wanda ya ciyar da shi. Aka ce maraya ne mara tarbiyya. Kwana uku bayan zuwan kwamiti aka fitar wa Inna kayanta ƙofar gida. Suka koma Fakuwa, gidan ƙanenta. Ba ta yi masa faɗa ba, ba ta kuma yaba masa ba. Sau ɗaya kawai ta tambaye shi, suna ɓarar gyaɗa, "Tun yaushe kake rubuta ta?" Ya faɗa mata. Ta ci gaba da ɓara.

Ya samu aikin lodi a tashar Kankiya. Wata Asabar da hantsi yana kan rufin mota ana miƙo masa kaya, aka miƙo katifa a nannaɗe, da risho, da buhun littattafai. Ya leƙo don ya ga mai kayan. Baffa ne, shi kaɗai, ba babur ba rakiya. Ya rame, hular ta yi masa yawa.

Suka dubi juna. Malam Abdulmannan ya matso jikin motar, ya yi magana ƙasa ƙasa.

"Kalma ɗaya, Abdulbaƙi. Eh kawai za ka ce. Da yanzu kana cikin aji, ni ina gidana. Dubi inda ka kai mu. Dubi kanka a kan rufin mota."

"Na gani, Baffa."

"Kuma ba ka yi nadama ba?"

Abdulbaƙi ya jawo igiya. "Akwai sauran kaya?"

Babu saura. Ya danne katifar da gwiwa, ya zagaya igiyar sau uku, ya ja har ta shige cikin soso, ya ƙulle. Direba ya ce ya isa haka, ai ba dutse ba ne. Ya ƙara wani ƙullin duk da haka. Ba ya son wani abu ya faɗo a hanya, har mutumin ya samu dalilin dawowa.